Ƙurar Hamada, Ɓerayen Turawa da Gadon Jini: Tarihin Binciken Rikiɗar Iri

Gabatarwa

Daga cikin kalmomin da Hausa ta ƙirƙiro wa kanta a ƙarnin da ya wuce, da wuya a sami wadda ta dace da abin da aka raɗa mata kamar "makaman ƙare-dangi". Bature ya kira makamin da sunan ƙwayar zarra da ake fasawa a cikinsa, shi kuwa Bahaushe sai ya dubi abin da ake tsoron makamin zai haifar, ya sa masa suna da shi. Dangi kuwa a wurin Bahaushe ya haɗa har da waɗanda ba a haifa ba tukuna. Wannan tsoro, watau cewa tururin da bam ɗin nukiliya ke fitarwa zai ratsa jikin mutum ya ɓata irin da zai bar wa 'ya'ya da jikoki, shi ne ya sa gwamnatocin Amurka da Ingila suka yi shekaru arba'in suna kiwon miliyoyin ɓeraye suna haska su. Shi ne kuma ya sa Nijeriya, tana da wata uku kacal da samun mulkin kai, ta kori jakadan Faransa daga Ikko.

Wannan lacca za ta bi tarihin wannan tsoro da tarihin binciken da aka yi domin a auna shi, sa'an nan ta kawo abin da binciken ya gano ta ɗora shi a kan wani ciwo da iyayen yara a Gyadi-Gyadi da Tarauni suka san shi sarai, watau amosanin jini, wanda yanzu aka fi kira sikila. Kafin a shiga, ya kamata a daidaita kalmomi biyu. Abin da za a riƙa kira "ƙwayar gado" shi ne ɗan guntun umarnin da ɗa ke karɓa, ɗaya daga uba ɗaya daga uwa, wanda ke yanke launin fata ko irin jini da makamantansu. Idan wannan umarni ya sauya daga yadda yake a jikin iyaye, har sauyin ya bi zuriya, shi ne za a kira "rikiɗa". Rikiɗa iri biyu ce: akwai wadda ke aukuwa da kanta, ba tare da an ga sanadi ba, akwai kuma wadda wani abu daga waje ke jawowa, kamar tururin nukiliya, ko hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, wanda shi ma danginsa ne.

Bam a Hamada

Ranar 13 ga Fabrairu, 1960, Faransa ta fasa bam ɗinta na farko kusa da Reggane, a kudancin Aljeriya, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkinta. Ƙarfinsa ya kai kimanin tan 70,000 na nakiya, watau ya ninka na Hiroshima sau huɗu. Sojojin Faransa sun laƙaba wa wannan gwaji sunan wani ɗan ɓeran hamada mai dogayen ƙafafun baya, wanda suke kira Gerboise, haka kuma gwaje-gwaje uku da suka biyo baya a sararin sama, na 1 ga Afrilu da na 27 ga Disamba, 1960, da na 25 ga Afrilu, 1961. Launi kawai suke sauya wa ɓeran: shuɗi, fari, ja, kore.

Duk wanda ya san hunturun Kano ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan abin da ya tayar da hankalin mutane. Watan Fabrairu da na Disamba lokaci ne da iska ke kaɗowa daga arewa maso gabas, ta kwaso ƙurar hamada ta zuba a kan rufin soro da bakin rijiya da shanyar hatsi. A wancan zamani unguwannin da ke kan hanyar Zariya bayan gari suke, gonaki sun fi gidaje yawa, kuma abin da manomi zai tambaya bai wuce guda ba: wannan hazo da ke sauka a kan gero da nonon shanu, me ya ɗauko? Tun a 1959 Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kai kukan Nijeriya gaban gwamnatin Ingila, ita kuwa abin da ta iya yi shi ne ta taimaka aka kafa wuraren auna ƙura a wasu garuruwan ƙasar. Gana ta riƙe kadarorin Faransa da ke ƙasarta bayan gwajin farko. Nijeriya ba ta da ikon yin irin wannan sai bayan 1 ga Oktoba, 1960. Da aka fasa bam na uku a ƙarshen Disamba, sai a ranar 5 ga Janairu, 1961, gwamnati ta ba jakadan Faransa, Raymond Offroy, kwana biyu ya bar ƙasar, ta kuma hana jiragen Faransa na sama da na ruwa sauka. Hanin jirage bai daɗe ba, domin ya fi cutar da maƙwabta irin su Nijar da Chadi, waɗanda kayansu ke bi ta Nijeriya. Amma hulɗar jakadanci sai da ta yi kimanin shekara biyar a yanke. Wani abin da wannan rikici ya bari shi ne hukumar tarayya ta kare jama'a daga tururin nukiliya, wadda aka kafa a Jami'ar Ibadan a 1964.

To, amma fa a cikin wannan ka-ce-na-ce duka, da masu cewa ƙurar ba ta da illa da masu cewa za ta nakasa zuriya, kowane ɓangare da alƙaluman masana yake kafa hujja. Waɗannan alƙaluma kuwa, in an bi salsalarsu, daga jikin ɓera aka samo su.

Gidan Ɓeraye

A 1927 wani masani Ba'amurke, Hermann Muller, ya nuna cewa idan aka haska ɗan ƙaramin ƙudan da ke bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace da hasken hoton ƙashi, rikiɗa tana ƙaruwa ƙwarai a zuriyarsa. An ba shi kyautar Nobel a kan haka a 1946, shekara guda bayan Hiroshima da Nagasaki, lokacin da maganar ta tashi daga ɗakin bincike ta zama ta kowa. Sai dai ƙuda ba mutum ba ne. Ana bukatar dabba mai shayarwa, mai saurin haihuwa, wadda ciyar da dubbanta ba zai gagara ba. Ɓera kuwa cikinsa mako uku ne, yana haifar shida ko takwas a lokaci guda, kuma yana wata biyu ya isa haihuwa.

A 1947 aka ɗauko William Russell, haifaffen Ingila, da matarsa Liane, wadda danginta suka gudo daga Vienna a 1938 saboda 'yan Nazi, aka kai su Oak Ridge a jihar Tennessee, ɗaya daga cikin wuraren da aka sarrafa sinadarin bam na farko. Dabarar da William Russell ya ƙago tana da sauƙin fahimta ga duk wanda ya taɓa kiwon awaki ko tattabaru. Akwai siffofin da ba sa bayyana a jikin ɗa sai ya gaje su daga uwa da uba gaba ɗaya. In daga gefe guda ya gada, sai su kwanta a ɓoye, lafiyayyar ƙwayar ɗaya gefen ta rufe su. Russell ya haɗa irin ɓera guda wanda ke ɗauke da irin waɗannan siffofi har bakwai, kowace daga gefe biyu. Shida daga ciki sun shafi launin gashi da na ido, kamar ruwan ƙasa da dusasshen launi da dabbare-dabbare da jan ido, ta bakwai kuwa gajeren kunne ce. Sai a ɗauki namijin ɓera na asali, wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, a haska shi, a haɗa shi da macen wancan iri. Bisa ƙa'ida 'ya'yan duka kamannin uban za su ɗauko, tunda ƙwayoyinsa lafiyayyu za su rufe na uwar. Amma idan hasken ya ɓata ɗaya daga cikin ƙwayoyi bakwai ɗin a maniyyin uban, babu sauran abin rufewa, sai a ga ɗa guda a cikin 'yan'uwansa ya fito da gajeren kunne ko da wani launi dabam. Ba a bukatar madubin likita. Ma'aikaci ya buɗe akwati ya duba da idonsa, ya rubuta.

Wahalar tana wajen yawa. Rikiɗa abu ne mai wuyar aukuwa, saboda haka sai an duba 'ya'ya dubu ɗari kafin a sami abin lissafi. Ginin da aka ware wa aikin, wanda ma'aikatansa suke kira Gidan Ɓeraye, ya taɓa ɗaukar wajen ɓeraye 250,000 a lokaci guda. A rukunin da aka haska ubanninsu da awo 600 na rontgen a ɗan lokaci kaɗan, an duba 'ya'ya 119,326 aka sami 111 masu rikiɗa, kusan ɗaya cikin dubu. A rukunin da ba a haska kowa ba, wanda aka ajiye domin gwadawa, an duba 531,500 aka sami 28, watau kimanin ɗaya cikin 19,000.

Wannan 28 ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Waɗannan ɓeraye babu wanda ya taɓa ubanninsu, abinci ɗaya da ruwa ɗaya da sauran, amma duk da haka suka zo da abin da babu shi a jikin uban. Ashe kwafar umarnin gado daga uba zuwa ɗa kamar kwafar littafi ce da hannu: kome ƙwarewar marubuci, in shafuka suka yi yawa sai an sami inda ɗigo ya faɗi ko wasali ya sauya, wanda ya kwafa daga gare shi kuma ya ɗauki kuskuren ya wuce da shi. Daga nan masana suka sami ma'auni. Maimakon su tambaya ko tururi yana jawo rikiɗa, abin da aka riga aka sani, sai suka tambaya: awo nawa ne zai jawo rikiɗa daidai da wadda ke aukuwa da kanta, har jimlar ta ninka? Amsar da kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka kafa a 1955, ya daɗe yana aiki da ita ita ce kimanin awo 100, idan a hankali tururin ya shiga jiki. Hoton ƙirji guda a asibiti bai kai kashi ɗaya cikin dubu na wannan ba.

Sharaɗin nan na "a hankali" shi ma daga Gidan Ɓeraye ya fito. Tun zamanin Muller an ɗauka cewa jimlar awon ita ce kome, ko a minti goma aka sha shi ko a wata uku. A 1958 Russell da abokan aikinsa suka nuna ba haka abin yake ba a ɓera: awo ɗaya, in aka rarraba shi a makonni, kimanin kashi ɗaya bisa uku kawai yake jawowa na abin da zai jawo in an zuba shi gaba ɗaya. Ma'anar wannan ita ce jiki yana da hanyar gyara ɓarnar, muddin ba a cika masa aiki ba. Shekara biyu ke nan kafin bam ɗin Reggane, kuma ƙurar da iska ke ɗauka ta yi tafiyar kilomita dubu da ɗaruruwa irin wannan awo ne na kaɗan-kaɗan. A Harwell ta Ingila, inda Mary Lyon ta yi aiki tun daga 1955, da Neuherberg kusa da Munich a Jamus, an maimaita gwaje-gwajen da wasu ɓerayen, sakamakon kuwa bai yi nisa da na Oak Ridge ba.

Liane Russell ta bi wata hanyar dabam. Ta haska ɓeraye masu ciki a ranaku daban-daban, ta gano cewa irin nakasar da ɗan tayi ke samu ta dangana ga ranar da hasken ya same shi, kuma lokacin da ya fi hatsari shi ne farkon ciki, sa'ad da gaɓoɓi ke tsirowa, mace ma ba ta tabbatar tana da cikin ba. A 1952 ita da mijinta suka ba likitoci shawara a kan haka. Tambayar da ma'aikacin ɗakin hoto a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ke yi wa mace kafin ta kwanta a gaban na'ura, ko tana da ciki, ko yaushe ta ga al'adarta, asalinta daga waɗannan ɓeraye ne.

Aikin bai tsira daga tuntuɓe ba. A shekarun 1990 wani abokin aikinsu, Paul Selby, yana bin tsofaffin littattafan ajiya, ya tarar akwai wasu maza a rukunin da ba a haska ba waɗanda kowannensu ya haifi 'ya'ya da yawa masu rikiɗa iri ɗaya, ba a kuwa sa su cikin lissafin da aka buga ba. An yi bincike, kuma a 1996 su Russell suka buga gyara, wanda ya nuna rikiɗar da ke aukuwa da kanta ta haura ninki biyu na abin da suka faɗa da farko. Selby ya ce ta fi haka. Kowanne aka ɗauka, gyaran gefe guda ya karkata: rabon da rikiɗar kanta ke da shi ya ƙaru, na tururi kuma ya ragu in an gwada su.

A wajen mutane fa? Daga 1948 zuwa 1954 wata tawaga ƙarƙashin James Neel da William Schull ta duba jarirai sama da 70,000 a Hiroshima da Nagasaki, ba ta sami ƙarin nakasar gado da lissafi zai iya tabbatarwa ba a 'ya'yan waɗanda bam ya shafa. A 2021 an karanta umarnin gadon yara 130 waɗanda iyayensu suka sha tururin Chernobyl, ba a ga ƙarin rikiɗa ba. Wannan bai wanke Faransa ba. Mutanen Reggane da na In Ekker, inda aka koma gwaji a ƙarƙashin dutse har 1966, da sojojin da aka tsayar kusa da wurin, sun sha tururi mai yawa, kuma hatsarin sankara ga wanda ya sha da jikinsa tabbatacce ne. Taswirar sojan Faransa da aka fito da ita a 2014 ta nuna ƙurar gwajin farko ta bazu a kan yawancin Afirka ta Yamma cikin 'yan kwanaki. Gwamnatin Ɓalewa tana da gaskiya da ta ƙi yarda a mai da hamadar maƙwabtanta filin gwaji ba da shawarar kowa ba. Abin da kawai binciken ya nuna shi ne, dangin da aka ji tsoron za a ƙare a ƙasar Hausa, ƙurar Reggane ba ta kai awon da za ta taɓa irinsu ba.

Abin da ke Cikin Jini Tun Asali

James Neel ɗin nan da ya je Hiroshima neman rikiɗar da bam ya jawo, shi ne kuma a 1949 ya bayyana yadda ake gadon sikila: wanda ya karɓi ƙwayar daga gefe guda lafiyarsa lau, shi ne yau ake rubuta wa AS, wanda ya karɓa daga uwa da uba kuwa shi ne mai ciwon, SS. Ƙa'idar ɓoyewa da bayyana ce dai wadda Russell ya gina gwajinsa a kanta. A shekarar ce kuma Linus Pauling ya nuna cewa aibin yana cikin sinadarin da ke ba jini launinsa ja yana ɗaukar iska, sa'an nan a 1956 da 1957 Vernon Ingram a Cambridge ya gano cewa bambancin bai wuce tubali ɗaya ba, na shida a jerin tubala 146. A can cikin umarnin gado, harafi ɗaya ne ya sauya.

A nan ne nazarin ɓeraye ya ba da wani haske. Da aka sami hanyar karanta umarnin gado kai tsaye, sai aka koma kan zuriyar ɓerayen da aka adana tun shekarun 1950, aka ga ɓarnar tururi tana da kamanninta: yawanci yanke wani yanki take yi ta zubar, wani lokaci har da ƙwayoyin da ke maƙwabtaka, kamar a yage shafi daga littafi. A 1976 su Russell sun duba jinin 'ya'ya sama da 8,000 na ɓerayen da aka haska, suka sami biyar da jan sinadarin jininsu ya rikiɗa, wasunsu kuwa da aka bincika daga baya sai aka tarar ƙwayar ce gaba ɗaya ta ɓace. Sauyin harafi ɗaya tak, irin na sikila, ya fi kama da kuskuren marubuci, watau rikiɗar da ke aukuwa da kanta. Kowane jariri da aka haifa yau yana zuwa da irin waɗannan sababbin sauye-sauye kimanin sittin ko saba'in, mafi yawansu ba sa cutarwa ba sa amfanarwa.

Sauyin sikila tsoho ne ƙwarai. A 2018 Daniel Shriner da Charles Rotimi, ɗan Nijeriya mai bincike a Amurka, sun ƙiyasta cewa sau ɗaya ya auku, a jikin mutum ɗaya, kimanin shekara 7,300 da suka wuce, zamanin da hamada take da ruwa da ciyawa. Wasu masanan sun kai shi baya fiye da haka. Abin tambaya shi ne yadda kuskuren mutum ɗaya ya kai ga kusan kashi ɗaya bisa huɗu na mutanen Nijeriya. Anthony Allison ya ba da amsa a 1954 daga Afirka ta Gabas: yaro mai AS ya fi mai AA tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Inda sauro ya yi yawa, sai masu AS su fi kaiwa ga girma da haihuwa, ƙwayar ta yi ta yaɗuwa, duk da yaran SS da take kashewa.

Ɗaya daga cikin hujjoji mafi ƙarfi a kan wannan daga ƙasar Kano aka samo ta. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da babban bincike a kan zazzaɓin cizon sauro a gundumar Garki, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano, yanzu kuwa Jigawa. Alan Fleming, malamin ilmin jini a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da abokan aikinsa sun gwada jinin mutanen ƙauyukan, suka buga sakamakon a 1979. A cikin jarirai, kimanin 24 cikin ɗari AS ne, a cikin waɗanda suka girma kuwa adadin ya hau zuwa wajen 29, alamar cewa masu AA sun fi mutuwa a ƙuruciya. Jarirai biyu cikin ɗari SS ne, amma a cikin manya da wuya a sami ɗaya cikin dubu. Sauran duk an binne su, yawancinsu kafin su kai shekara biyar.

Hausa ta san wannan tun kafin Fleming, ko da yake da wani suna. Matar da ke haihuwa 'ya'yan suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya ana ce da ita mai wabi, a ce ɗa guda ne ke tafiya yana dawowa, har a yi masa shaida a jiki domin a gane shi. Sunaye irin su Ajuji da Ayashe da Ajefas daga nan suka fito: a nuna ba a damu da yaron ba, ko mutuwa ta ƙyale shi. Ba kowane ɗan wabi ne mai sikila ba, domin ƙyanda da gudawa da zazzaɓi sun ɗauki rabonsu. Amma gidan da uwa da uba duka AS ne, inda kowane ciki ke da hatsarin ɗaya cikin huɗu, ba abin mamaki ba ne a ga kamar yaro ɗaya ne ke dawowa da kumburin hannu da ƙafa da kukan ciwon ƙashi.

Akwai masu ɗora laifin duka a kan auren zumunci, lissafi kuwa bai goyi bayansu sosai ba. Idan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, to ko baƙi ne suka auri juna, aure ɗaya cikin goma sha shida zai haɗa AS da AS, kuma ɗa ɗaya cikin sittin da huɗu a gari zai zo da SS. Wannan ya yi kusa da biyu cikin ɗari da aka samu a Garki. Auren zumunci yana ƙara hatsarin a gidan da ƙwayar take, amma auren bare ba ya kawar da shi.

Titin Zariya

Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano an kafa shi a 1988, ya fara aiki a harabar Asibitin Murtala cikin gari, sa'an nan ya tare a mazauninsa na Titin Zariya, maƙwabcin Gyadi-Gyadi, a Ƙaramar Hukumar Tarauni. Yaran da a Garki ta 1970 ba za su ga shekara biyar ba, yau da yawansu suna zuwa asibitin da kayan makaranta a jikinsu, wasu ma sun girma sun yi aure. Abubuwan da suka kawo wannan ba masu tsada ba ne: rigakafi, maganin hana zazzaɓi, gidan sauro, ƙarin jini a kan kari. Likitocin wannan asibiti da na Murtala da na Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun gwada maganin haidiroksiyuriya a kan yara 220 waɗanda awon jijiyoyin kansu ya nuna suna cikin hatsarin shanyewar ɓarin jiki. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna ƙaramin awo na maganin yana kare su kamar matsakaici, abin da ke da muhimmanci ga uban da ke saye da kuɗin aljihunsa.

Ɓera bai fita daga labarin ba. Shi ba ya yin sikila da kansa, amma a 1997 tawaga biyu a Amurka, ɗaya a Berkeley ɗaya a Alabama, suka cire masa ƙwayoyin jan sinadarin jininsa suka dasa na mutum mai SS, aka sami ɓeraye masu lanƙwasasshen jini da ciwon gaɓoɓi irin na yaran Tarauni. A kansu ake fara gwada sababbin magunguna. A 2007 an warkar da irin wannan ɓera ta hanyar gyara harafin a ƙwayoyin jikinsa, a ƙarshen 2023 kuma Ingila da Amurka suka amince da magani na farko da ke gyara umarnin gado a ɓargon mai sikila. Farashin da aka sa masa a Amurka ya haura dala miliyan biyu ga mutum ɗaya, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tun 2006 cewa a Nijeriya ana haihuwar jarirai 150,000 masu ciwon kowace shekara.

Saboda haka abin da ke hannun hukuma shi ne gwaji. A watan Mayu na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a kan dokar da ta wajabta wa masu niyyar aure a Jihar Kano gwajin jini, har da na sikila, kafin a ɗaura. Dokar ta ɗora nauyi a kan ma'aikatan gwamnati da limamai da waliyyai, kuma amfaninta ya dangana ga abubuwan da takarda ba ta iya tabbatarwa da kanta: ɗakin gwajin da ba zai rubuta AA a inda AS take ba, da ma'aikacin da zai zauna da saurayi da budurwa ya fahimtar da su cewa ɗaya cikin huɗu ga kowane ciki ne, ba wai in an haifi mai ciwo guda sauran ukun sun tsira ba. Har wa yau, lokacin gwajin yana da nasa tasiri. Sakamakon da ya fito bayan an kai lefe an sa rana, gidaje biyu sun riga sun zama surukai a idon unguwa, da wuya ya hana kome. Wanda yarinya ta sani tun tana makarantar sakandare kuwa yana ba ta damar tambaya tun kafin magana ta je gaban manya.